Sikeli Na Hawa, Tsawo Ya Tsaya: Nazarin Girman Wata Jaririya Bakwaini daga Haihuwa zuwa Shekara Ɗaya

Asalin lamarin

An haifi jaririyar a makon farko na Disamba, ta hanyar tiyata, a wani asibitin koyarwa da ke arewacin Najeriya. Cikin yana da mako 30 cif, kuma babu tantama a lissafin domin uwar ta yi hoton ciki tun yana mako 12. Shekarunta 24, wannan ce haihuwarta ta biyu. Hawan jinin masu ciki ne ya tsananta mata har aka ga alamun jijjiga na tafe, aka yanke shawarar ciro yarinyar. Cikin allurai huɗu na deksametason da ake yi wa uwa don huhun ɗa ya nuna, biyu aka samu yi kafin a shiga tiyata.

Awon farko ya nuna nauyi giram 1,200, tsawo santimita 38, zagayen kai santimita 27. Da aka ɗora su a kan jadawalin Fenton na 2013, wanda ake bibiyar girman bakwaini da shi daga mako 22 zuwa 50, dukkan ukun sun faɗa tsakanin layin 25 da na 50 cikin ɗari, inda layin 50 shi ne matsakaici. Wato ba ta tsumbure a cikin uwa ba. Duk wani koma-baya da aka gani daga baya, bayan haihuwa ya faru.

Ta iso sashen jarirai da zafin jiki 35.4, ga hunturu, ga tazara tsakanin ɗakin tiyata da sashen. Aka sa ta a kwalba, aka ɗora mata na'urar CPAP mai tura iska ta hanci ta kwana huɗu saboda nishi, aka fara mata aminofilin don kada ta riƙa ɗauke numfashi.

Jikin ɗan mako 30 fiye da kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, kitsensa bai kai kashi 5 ba. A makonni goman da suka rage masa a ciki ne nauyinsa ke ninkawa fiye da sau biyu da rabi, kitse ya haura kashi 10, tsoka ta cika. Kusan kashi 80 na kalsiyam da fosfaras na ƙashin jariri a watanni ukun ƙarshe suke shiga, kuma ko a mako 34 ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi biyu cikin uku na nauyin da za ta yi a mako 40 ba. Aikin da mabiyiya za ta yi ke nan ya dawo kan sirinji da robar hanci. Abin da ake nema ga irin wannan jaririya, da zarar ta dawo nauyin haihuwa, shi ne ƙarin giram 15 zuwa 20 ga kowane kilo na nauyinta a rana, tsawo kimanin santimita 1 a mako, zagayen kai ma kusan haka.

Kwana 0 zuwa 20: ruwan sukari da yawan dakatar da nono

An fara da ƙarin ruwan sukari mai kashi 10, mil 80 a kilo a rana. Wannan giram 8 ne na sukari a kilo, kalori 30 ko ƙasa da haka, kuma babu furotin ko ɗigo. Sashen ba shi da ruwan amino asid na jijiya, wanda da shi ake ba da furotin ta jijiya. Jaririn da ke kan ruwan sukari zalla yana asarar kusan giram 1 na furotin a kilo kowace rana, daga jikinsa yake cirowa, alhali da yana ciki ƙarin giram 2 zai riƙa ajiyewa.

Nono bai samu da wuri ba. Uwar tana wani sashe daban ana yi mata maganin jijjiga, ba wanda ya nuna mata tatsa sai a kwana na 3. Da aka tatso dakashi, kakar yarinyar ta nemi a zubar, a cewarta ba a ba jariri nonon farko sai an wanke uwa. Sai da wata nas ta zaunar da ita ta yi mata bayani kafin ta yarda. Aka fara da mil 1 kowane awa uku ta robar hanci. A tsakanin kwana na 3 da na 6 kuma an yi mata hasken shawara, wanda ke ƙara fitar da ruwa ta fata.

Nauyin ya kai ƙasansa a kwana na 6: giram 1,030, asarar kashi 14 cikin ɗari. Ga bakwaini ana jure wa kashi 10 zuwa 15, don haka ba a ɗaga hankali ba.

Abin da ya fi jawo jinkiri wata al'ada ce ta sashen. Kafin kowace ciyarwa sai a zuƙo abin da ke cikin tumbi da sirinji. In an samu ragowar nono da ta kai rabin na baya, sai a tsallake ciyarwar, a bar ƙarin sai gobe. Tumbin bakwaini a hankali yake sauke abinci, samun ragowa ba abin mamaki ba ne. A takardunta an ƙirga ciyarwa 23 da aka tsallake a makonni biyun farko, kuma babu ko ɗaya da aka rubuta koren amai, jini a kashi ko taurin ciki. A kwana na 9 ta yi laushi, cikinta ya ɗan ɗaga, aka ji tsoron ruɓewar hanji. Aka tsayar da nono na awa 48, aka sa maganin ƙwayoyin cuta. Hoton ciki bai nuna komai ba, ba a kuma samu ƙwayar cuta a jini ba. Da aka dawo, daga mil 2 aka sake farawa, ana ƙarawa a hankali.

Ta kai cikakkiyar ciyarwa, mil 150 a kilo, a kwana na 19. Ta dawo nauyin haihuwa a kwana na 20, maimakon tsakanin na 10 da na 14. Tsawo 39, zagayen kai 27.5.

In an tattara lissafi, a kwana 19 ɗin nan ta samu furotin kimanin giram 17 a kilo. Buƙatarta a kan giram 3.5 a rana ta kai 66. Ta ƙare mako na uku da bashin kusan giram 50 a kilo.

Kwana 20 zuwa 34: nonon uwa zalla

Uwar ta warware, tana tatsa sau shida zuwa bakwai a rana, tana samun fiye da mil 400, ninki biyu na abin da 'yar ke sha. Ana ba da mil 150 zuwa 160 a kilo, kashi takwas a rana. An fara bitamin D raka'a 400 a kwana na 21. Sinadarin ƙarfe, da ya kamata a fara tun mako biyu da haihuwa, sai a kwana na 30 aka rubuta shi, miligiram 2 a kilo.

Nonon mai bakwaini a makon farko yana da furotin kusan giram 2 a mil 100, amma yana sauka da sauri. Zuwa mako na huɗu ya koma 1.2 zuwa 1.4. Don haka mil 150 a kilo yana ba da kalori 100 da furotin kimanin giram 2. Ƙa'idar da ƙungiyar ESPGHAN ta likitocin yara a Turai ta fitar a 2022 ga jariran da ba su kai giram 1,800 ba ita ce kalori 115 zuwa 140 da furotin giram 3.5 zuwa 4. Kalsiyam da fosfaras kuwa giɓinsu ya fi haka: nono yana da fosfaras kimanin miligiram 15 a mil 100, wato 23 a kilo a rana, ana neman 70 zuwa 115.

Akwai kuma batun sanyi. An fara goyon kangaru, wato ɗaure jariri a ƙirjin uwa fata da fata, a kwana na 21, amma awa biyu zuwa uku kawai da rana, don uwar ba ta da gado a sashen, a baranda take kwana. Da dare in wuta ta ɗauke kafin a tada janareta, kwalbar takan huce. Sau da yawa awon asuba yana nuna 36.0 zuwa 36.2, ƙasa da 36.5 da ake so. Jaririn da ke jin sanyi da kalorinsa yake ɗumama kansa.

A kwana na 34 nauyi ya kai 1,360. Ga yadda ake lissafin saurin girma: ƙarin giram 160, a raba da kwana 14, ya ba da 11.4, a sake rabawa da matsakaicin nauyi na lokacin, kilo 1.28, ya ba da giram 9 a kilo a rana. Tsawo 39.8, zagayen kai 28.3, kowanne santimita 0.4 a mako. Nauyinta ya faɗo ƙasa da layin 3 cikin ɗari.

Kwana 34 zuwa 48: nonon ƙarshe da mai

Aka ga nauyi ba ya tafiya, aka ce kalori ne ya yi kaɗan. Tunda uwar tana da rarar nono, aka koya mata raba shi: ta tatsa na minti biyu zuwa uku na farko a kofi ɗaya a ajiye gefe, ta ci gaba da tatsa a kofi na biyu har maman ya yi laushi. Na biyun, nonon ƙarshe, maiƙonsa ya ninka na farko sau biyu zuwa uku, ana ma ganin kaurinsa da ido. An gwada wannan dabara a asibitocin Najeriya tun shekarun baya kuma ta ƙara nauyi. A kan haka aka ƙara man waken suya, rabin mil sau huɗu a rana, ana zubawa a sirinji tare da nonon.

Kalori ya tashi zuwa kusan 148 a kilo: 136 daga nonon ƙarshe mil 160, sai 12 daga mai. Furotin bai motsa ba, domin nonon farko da na ƙarshe kusan daidai suke a furotin, kuma nonon yana ci gaba da tsufa. Kimanin giram 1.9 a kilo take samu.

Sikeli ya amsa nan da nan. Kullum da safe ana samun ƙarin giram 20 zuwa 30. Kumatu suka fito, fatar cinya da ta yi yaushi ta cika. A kwana na 48 nauyi ya kai 1,700, saurin giram 16 a kilo a rana. Ta fara kama mama, tana sha da kofi, ba ta ɗauke numfashi. Ka'idar sashen ita ce a sallami jaririn da ya haura giram 1,600 yana ƙaruwa kwana uku a jere, don haka aka sa ranar sallama.

Kwana na 48: ranar da aka fasa sallama

Kowace Litinin ana auna tsawo da zagayen kai a sashen, kuma da allon awo ake yi, ba da tef ba: mutum ɗaya ya riƙe kai a jikin katakon sama, na biyu ya miƙar da gwiwoyi ya turo katakon ƙasa ya taɓa dugadugai. Tef a kan jariri mai lanƙwashe ƙafa yana iya kuskuren santimita 1 ko 2, wanda ya kai girman mako guda ko biyu. Awon yana da kyau, amma a bayan fayil ake rubuta shi, nauyi kaɗai ake ɗorawa a jadawali.

Likitan da zai rubuta takardar sallama ne ya ɗora ukun tare. Tsawo 40.7, zagayen kai 29.2. A makonni biyun da nauyi ya yi tsalle, kowannensu santimita 0.45 ya ƙaru a mako, kusan daidai da lokacin da ba a ba da mai. Layin nauyi ya miƙe yana bin jadawali, layin tsawo da na kai suna ci gaba da nisa da shi, duka a ƙasan layin 3. Da aka danna bayan ƙafarta kuma sai yatsa ya bar gurbi kaɗan.

Aka ɗebi jini. Yuriya, dattin da ke saura in jiki ya ƙona furotin, 1.2 milimol a lita. In ta yi ƙasa haka ga jaririn da ke shan nono sosai, alama ce jiki ya ƙwace duk furotin da ya samu bai bar rarar da zai ƙona ba, kuma masu daidaita ƙarin furotin da awon yuriya sukan nemi ta haura 3. Albumin, wani furotin na cikin jini, giram 24 a lita. Sodiyam 129, ana son 135 zuwa sama. Fosfat, wato fosfaras na jini, 1.2, ƙasa da 1.8 da ake so. Alkalin fosfatas 780, alhali daga 500 ake fara zargin laushin ƙashi na bakwaini. PCV, awon yawan jini, kashi 24.

Sashen ba shi da na'urar PEA POD, wadda ke auna kitse da tsokar jariri ta hanyar iskar da jikinsa ya ture, ba shi da DXA mai auna su ta hanyar hoto. Da biro aka yi ƙiyasi. Cikin furotin giram 1.9, hanji zai tsotsi kusan 1.7, a cire giram 1 da jiki ke asara ko ta yaya, saura 0.7. Tsokar jariri mafi yawanta ruwa ce, furotin kashi 12 zuwa 13 ne, don haka 0.7 zai gina giram 5 zuwa 6 na tsoka da gaɓoɓi. Rarar kalori kuwa, bayan an cire wanda ya fita a kashi da wanda jiki ya ƙona, ta isa a ajiye kitse giram 5 zuwa 6. Ragowar ruwa ne, har da na kumburin. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da sikeli ke nunawa kitse ne zalla. A lissafin Ziegler da abokan aikinsa na 1976, ɗan tayi tsakanin mako 32 da 36 yana ajiye furotin giram 13 da kitse giram 14 a kowane giram 100 da ya ƙaru.

Aka fasa sallama. Iyalin ba su ji daɗi ba, ga kuɗin gado, ga yarinya a idonsu ta yi ɓul-ɓul. Da aka shimfiɗa wa uban jadawalin aka nuna masa layin kai, shi ya shawo kan sauran.

Kwana 48 zuwa 63: furotin, gishiri, fosfaras da ƙirjin uwa

An daina man, an koma cikakken nono ba rabawa.

Abin da ake buƙata shi ne hodar ƙarfafa nono, wadda ake zubawa a nonon da aka tatsa. Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ba su ce a ba kowane bakwaini ita ba, amma sun ce ana iya ba wanda aka haifa kafin mako 32 ko ƙasa da kilo 1.5. Babu ita a kantin maganin asibitin, sai da aka yi oda daga wani gari. A kwana biyar na jira aka yi amfani da garin madarar bakwaini, giram 1 a mil 25 na nono, ana auna shi a ƙaramin sikelin kantin magani a ƙulla a takarda, don cokalin gwangwani ya yi girma. Wannan yana ƙara furotin kimanin rabin giram a mil 100 da kalori kusan 20. Ya fi babu, sai dai yana ɗaga kalori fiye da yadda yake ɗaga furotin: a mil 165 a kilo, furotin bai kai giram 3 ba, kalori ya haura 140.

Da hodar ta iso aka fara da rabin ƙarfi na kwana biyu, sannan cikakke. Tana ƙara furotin kusan giram 1.3 da kalori 16 a mil 100. A mil 165 a kilo ya zama furotin giram 4.1 da kalori 137, wato giram 3 a kowane kalori 100, cikin iyakar 2.8 zuwa 3.6 da ake so. A zamanin mai, 1.3 ne. Ana haɗawa dab da ciyarwa, ba a ajiye haɗaɗɗe a ɗakin da babu firiji mai tsayayyiyar wuta. Irin da aka samu sacet ɗaya na mil 50 ne, tana cin shida a rana. Akwai irin da sacet ɗaya na mil 25 ne, kuma rikita su yana nufin ninka ƙarfi ko raba shi biyu, don haka aka manna takarda a jikin gadonta.

Ƙodar bakwaini tana zubar da gishiri a fitsari, nono kuma ba shi da yawansa, kuma ba a gina sabuwar tsoka in sodiyam ya gaza. Aka ba ta milimol 3 a kilo a rana ta baki: mil 10 na ruwan gishiri mai kashi 3, an rarraba a ciyarwa takwas don kada ya tayar mata da ciki. Bayan mako guda sodiyam ya kai 136, aka rage rabi tunda hodar ma tana da nata, sannan aka daina. Bitamin D ya koma raka'a 800, ƙarfe miligiram 3 a kilo. Ba a yi ƙarin jini ba: ba ta kan oksijin, bugun zuciya daidai, kuma gwaji ya nuna ɓargo yana fitar da sababbin ƙwayoyin jini. An gargaɗi masu jinya su riƙa ɗaga ta a hankali, kada a ja ƙafa wajen canza kunzugu, saboda ƙashin.

A kwana na 50 aka samar wa uwar gado, goyon kangaru ya koma awa 16 zuwa 18 a rana, ƙanwar uwar tana karɓarta in za ta yi wanka, sallah ko tatsa. Hula da safa kawai a jikin yarinyar sai kunzugu, a ɗaure ta da zani tsakanin mama, kai a juye gefe. Daga ranar ba a sake ganin awon da ya gaza 36.6 ba.

Kwana huɗun farko sikeli ya tsaya cik a 1,700 zuwa 1,710, kakar ta fara cewa a mayar da man. Kumburin ƙafa ne ke sauka. Daga kwana na 53 nauyi ya ci gaba. Gwajin kwana na 62: yuriya 3.8, albumin 30, sodiyam 137, fosfat 1.9, alkalin fosfatas 520, PCV 27.

An sallame ta a kwana na 63, farkon Fabrairu, tana daidai mako 39. Nauyi 2,130, saurin giram 15 a kilo a rana, wato ƙasa kaɗan da na zamanin mai. Tsawo 43.0, zagayen kai 31.4: kowanne ya ƙaru fiye da santimita 2 cikin kwana 15, kimanin 1 a mako. An duba idonta sau biyu ba a ga matsalar jijiyoyin ido ta bakwaini ba.

Daga sallama zuwa wata 12

A gida tana shan mama duk lokacin da ta nema, da ƙarin kofi uku a rana na nonon da aka zuba wa hoda. A mako 40 nauyi 2,330, tsawo 44, kai 32.3. Hodar ta ƙare a mako 44, ba a sake saya ba. Daga nan aka koma jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, da gyararren lissafi: a cire makonni goman da ta rage a ciki daga kwanakinta na duniya, har ta shekara biyu. Allurar rigakafi kuwa da ainihin ranar haihuwa ake binta.

A wata 3 na gyararren lissafi nauyi kilo 4.9, tsawo 55, kai 38.3. A wannan jadawali layin −1, −2 da −3 matakai ne ƙasa da matsakaici. Kai ya hau layin −1, nauyi yana tsakanin −1 da −2, tsawo yana ɗan ƙasa da −2. In aka gwada nauyin da tsawonta, ta fi matsakaici.

A nan aka samu tangarɗa. A wani ƙaramin asibiti da ake kai ta rigakafi aka ɗora kilo 4.9 a kan wata biyar da 'yan kwanaki, ya faɗa kan layin −3, aka ce wa uwar tamowa ce, ta fara kunu da sukari da mai. Ta yi kwana goma tana bayarwa. Yarinyar ta rage shan mama, ta yi gudawa ta kwana uku, nauyi bai ƙaru ba. A ziyarar asibitin koyarwa aka tsayar da kunun, aka rubuta da jan biro a katin rigakafin cewa an haife ta a mako 30, a cire mako 10 kafin a ɗora awo.

An fara abinci dab da wata 6 na gyararren lissafi, lokacin da ta riƙe wuya tana zama da tallafi. Kunun gero ko dawa mai kauri da garin waken suya da gyaɗa, ƙwai, dakakken kifi, hanta sau ɗaya ko biyu a mako, alale, ba sukari. A wata 6 nauyi 6.3, tsawo 62, kai 41.2. Ta zauna da kanta a wata 7.

A wata 12 nauyi kilo 7.9, a kan layin −1. Tsawo 70.5, tsakanin −1 da −2. Zagayen kai 44.2, rabin mataki ƙasa da matsakaici. Nauyi a kan tsawo ya dawo ɗan ƙasa da matsakaici. Tana tafiya da riƙe kujera, tana ɗaukar ƙwayar wake da yatsa biyu, tana kiran mutum biyu da suna. Alkalin fosfatas ya sauka daidai tun wata 3, ba a samu karaya ba. An ci gaba da ƙarfe har wannan ziyara.

Hukunci

Makonni biyun mai su suka fi ɗaukar ido a lamarin nan, amma ɓarnar da ta fi girma ta kwana 20 na farko ce. Rashin amino asid na jijiya ba laifin wanda ke bakin gado ba ne. Sauran kuwa ba sa cin kuɗi. Da an fara tatsa cikin awa shida da tiyata, ko da a gadon da uwar ke kwance ne, da dakashi ya isa a ranar farko. Ana iya ƙara nono har mil 30 a kilo a rana. Babban gwajin SIFT na Birtaniya da aka buga a 2019 ya kwatanta 18 da 30 bai ga ƙarin ruɓewar hanji ba. Da wannan saurin, ba tare da tsallake ciyarwa saboda ragowar da ba kore ba ce, da ta kai mil 150 kafin kwana na 10. Tsayar da nono a kwana na 9 daidai ne, tsoron yana da dalili. Komawa mil 2 bayan hoto ya fito lafiya shi ne ya wuce kima. Goyon kangaru ma bai kamata ya jira mako uku ba. Gwajin da aka buga a 2021, wanda aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Ile-Ife a Najeriya kan jarirai masu kilo 1 zuwa 1.8, ya nuna farawa nan take ya rage mutuwa da kashi 25 cikin ɗari, kuma a kansa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta a 2022.

Nonon ƙarshe ba shi da aibi. Inda kalori ne ya gaza, ko jaririn ba ya ɗaukar yawan ruwa, yana da amfani. Kuskuren shi ne an ba da amsar kalori ga matsalar furotin. Kalori kamar ladan leburori ne, furotin shi ne bulo: in ka ninka lada bulo bai ƙaru ba, katanga ba za ta tashi ba. Kafin mai, abin da ya fi dacewa a kwana na 34 shi ne a ɗaga cikakken nono zuwa mil 180 ko 200 a kilo, tunda akwai rara. Wannan zai kai furotin giram 2.4 zuwa 2.6, bai isa ba amma ya fi 1.9, yayin da ake neman hoda. Kuma da an duba sodiyam da fosfat a mako na huɗu, da an kama su tun ba su yi nisa ba.

Abin da ya faru da ita ba baƙo ba ne. Wani nazari na 2012 a mujallar Pediatrics da ya tattara bincike da dama ya gano cewa bakwaini, idan suka kai mako 40, kason kitsensu ya ɗara na cikakkun jarirai da kashi 3 cikin ɗari, amma tsoka da gaɓoɓinsu sun gaza da kimanin giram 460. Matsalar ƙarancin tsoka ce fiye da yawan kitse, kuma ƙwaƙwalwa tana cikin ɓangaren da ya gaza. Shi ya sa zagayen kai da tsawo suka fi sikeli faɗin gaskiya a inda babu na'ura, tare da yuriya da kowane ɗakin gwaji ke iya yi. Giram 16 na zamanin mai da giram 15 na zamanin hoda lamba ɗaya ce a ido, abin da aka gina da su ne ya bambanta.

Furotin, sodiyam, fosfaras da ɗumi duk cikin mako guda aka gyara su, don haka ba za a ba ɗaya kaɗai lada ba. Sai dai tashin yuriya da albumin tare da ninkuwar saurin tsawo sun fi nuni ga furotin, saukar alkalin fosfatas kuma ga fosfaras.

Kai ya kusa cimma sa'o'insa, nauyi na biye, tsawo ne ya rage a baya, kuma haka aka saba gani: shi ne na ƙarshe wajen ramawa, wani lokaci ba ya ramawa duka. Ba dalili ba ne na ɗura mata abinci mai sukari da mai, domin saurin ƙiba fiye da tsawo bayan watannin farko ba ya ƙara wa ƙwaƙwalwa komai, kuma an danganta shi da hawan jini da matsalar sukari a gaba. An sa mata ziyara kowane wata uku har ta cika shekara biyu a gyararren lissafi, ana ɗora awo ukun a jadawali ɗaya, da gwajin ji da na magana a wata 18.